Jar Fatar Babana a Fadar Santambul

Duk wanda ya ji na taɓa zuwa Santambul sai ya washe baki ya ce, "Kai Ilu, ashe ka sha yawon duniya." Yawon me? Ni ba yawo ne ya kai ni ba. Kamfanin jimar da nake wa bauta a Challawa ne ya sayi wani tsohon injin tsaga fata a hannun Turkawa, cikin shekarun tamanin ɗin nan, aka ce sai an tura wanda zai koyi sarrafa shi kafin a kwance a ɗoro a jirgin ruwa. Aka duba aka ga ni ne na daɗe a kan irinsa, har ya taɓa cinye min kan yatsu biyu. Cancantata ke nan. Aka haɗa ni da Injiniya Bashir, ɗan ƙanwar manaja, wanda aikinsa a tafiyar shi ne ya riƙe fasfona ya kuma sa hannu a takardu.

A ƙasan akwatina akwai jar fatar akuya guda ɗaya, naɗe cikin farin ƙyalle. Ta babana ce.

Babana, Malam Ɗanjuma, majemi ne ɗan majemi. Kamfanoni irin namu ne suka kashe masa sana'a. Suka riƙa kwashe ɗanyar fata tun daga mahauta, ramukan jimarsa suka bushe, muka rabu da gidan cikin gari muka koma Dorayi. Da na shiga kamfani ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da baki, sai dai ya ɗaga hannu. Amma da ya ji an ce Santambul za a tura ni, sai ya sa aka haƙa masa rami a bayan gida. Da kansa ya zaɓi fatar, ya jiƙa ta a toka, ya kankare gashin, ya dama bagaruwa, ya rina ta da karan dafi, ya murza ta da man gyaɗa har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Idonsa ya fara hazo, amma bai bar kowa ya taɓa ba.

Dalili kuwa, tun muna yara yake ba mu labari cewa Larabawan Tarabulus masu sayen fatar kakana sun taɓa gaya masa da jar fatarsa ake ɗinka wa Sarkin Santambul takalmi. Ko gaskiya suka faɗa ko daɗin bakin ciniki ne, Allah masani. A gidanmu dai ba a musun maganar.

"Ka kai fada hannu da hannu," in ji shi. "Ka ce daga Ɗanjuma ɗan Audu Majemi na Kano, wanda ake yi wa sarki takalmi da fatarsa. Ka ce hannun bai mutu ba, amma ni ne na ƙarshe. Kada ka sayar, kada ka ba ɗan hanya, kada kuma ka dawo min da ita."

Kada wani ya yi min dariya. A firamare na tsaya, amma na san Turkawa suna da shugaban ƙasa. To mu ba mu da shi? Mun yi na farar hula mun yi na soja, Turawa ma sun zo sun tafi, sarki kuwa yana nan a gidansa ana zuwa ana faɗuwa ana gaisuwa. Na ɗauka haka duniya take ko'ina, gwamnati na ofis, sarki na fada.

Unguwar majeman Santambul tana bayan tsohuwar ganuwar birnin, a bakin teku. Ranar da muka isa, wari ne ya fara yi min sannu da zuwa, wari iri ɗaya da na Challawa, har na ji ƙwalla na neman cika min ido. Shi kaɗai na gane a garin. Aka ba ni wani ɗaki a saman ma'ajiyar gishiri, da gado da taga mai kallon bango. Injiniya ya ce shi ƙirjinsa ba ya son wari, ya kama otal a tsallaken ruwa.

Lokacin zafinsu ne, mu nan ana tsakiyar damina. Ranarsu ba ta san ta faɗi ba. A tashi daga aiki in yi wanka, in zauna, in gaji da zama, magariba ta ƙi zuwa. Abinci burodi ne da zaitun da wani farin cuku mai ɗan karen gishiri, shayi kuwa a ɗan kofin gilashi da ba ya jiƙa maƙogwaro. Ma'aikatan ba mugaye ba ne. Sukan shafa hannuna su duba tafinsu ko baƙin ya kama, su yi dariya, a masallaci kuma su matsa min wuri a sahu. Amma daga sallama sai hamdala, hira ta ƙare. Heluman da ke koya min injin da hannu yake magana, in na kuskure ya make min hannu kamar wani ɗansa, alhali na girme shi. Har na kai ina yi wa injin Hausa don kada bakina ya yi tsami. Goron da na zo da shi ina gutsura kaɗan-kaɗan, manyan kuwa na ware su na gaisuwar fada.

Ranar da Injiniya ya leƙo mu, yana toshe hanci da hankici, na tare shi.

"Yallaɓai, ina ne fadar Sarkin Santambul? Akwai saƙon tsohona."

Ya dube ni, ya dubi ƙunshin fatar da ke hannuna, ya danne dariya. "Ka bi ganuwa ta bakin ruwa har ƙarshenta, kowa ya san wurin. In ka shiga ka ce ina gaisuwa."

"Wace rana yake zaman fada?"

"Kullum yana nan, Ilu. Ko motsi ba ya yi."

Da haka ya bar ni.

Ran Lahadi na saka babbar rigata ta salla, na kafa hula, na ɗauki fata da goro. Ina isa babbar ƙofa na tuɓe takalmi na matse a hammata, yadda aka koya min tun ina yaro. Duwatsun dandamalin sun ɗauki zafi kamar kaskon suya. A gefena Turawa ne tuli, maza da gajeren wando, mata kai a buɗe, suna ratsawa da takalmansu suna lasar askirim. Na ce a raina, kai, sarkin nan akwai haƙuri. Aka nuna min wata taga ana yankar tikiti, na ɗauka kuɗin na masu tsaron ƙofa ne, na ba su. Na ga soja tsaye ƙiƙam da bindiga, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya nuna min mai yi wa baƙi iso. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ina durƙushen nan wata Baturiya ta ɗauke ni hoto. Mijinta ya zo ya dafa kafaɗata aka sake ɗauka, ya danƙa min sulalla a hannu. Ashe sun zaci ni ma cikin kayan gidan nake. Na watsar da sulallan na shige.

Gida ne, ba ƙarya. Fili bayan fili, ƙofa bayan ƙofa, itatuwa manya da ban san sunansu ba, bango duk ado shuɗi, ga teku a ƙasa tana walƙiya. Amma a madafa na fara jin wani iri. Tukwane ga su nan, kowaccensu mutum zai iya kwanciya a ciki, amma a bushe, a sanyaye. Ba hayaƙi, ba ƙamshin miya. Gidan sarki ba hayaƙi? Babu mai ƙara a zaune yana jira, babu maroƙi, babu wanda ke tsawa a ba da hanya. Rigunan sarauta a cikin gilashi, takubba a cikin gilashi, karaga mai duwatsu masu ƙyalli an kewaye ta da igiya. Duk wanda na tambaya, "Sultan? Sultan?" sai ya nuna min hoto a bango.

Akwai wani ɗaki da aka ajiye kayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nan kam na yi kuka, ni da wasu tsofaffin matan Turkawa. A bayanmu wani yana taunar cingam yana duba agogo.

Da na fito, tafin ƙafata ya fara tasowa. Wani tsoho mai shara, mai farin gashin baki, ya dubi ƙafafuna ya nuna takalmin da ke hammatata, wai in saka. Na girgiza kai. Sai ya ɗauko bokitinsa ya riƙa yayyafa ruwa a kan duwatsun gabana har na kai inuwa. 

A bakin ƙofar fita wani saurayi mai tsaf-tsaf da kwat ya tare ni. Turancinsa gurgu irin nawa, shi ya sa muka fahimci juna. "Hajji! Ɗan'uwa Musulmi! Sarki kake nema? Ai ya tashi daga nan, gidan ya tsufa. Yana sabuwar fada a bakin ruwa. Ni zan kai ka." Maganar ta shige ni, don namu ma suna da gidan hutu a bayan gari. Baƙo ko da ido makaho ne.

Lahadin da ta zagayo ya kai ni. Kafin mu isa ya ci nama ya sha lemo, duk a wuyana. Fadar fara ce fat, doguwa, ta miƙe a bakin ruwa. Na sunkuya zan tuɓe takalmi aka hana ni, aka miƙo min wata leda wai in sa a kan takalmin. A nan ba mutum ake girmamawa ba, darduma ake tsoron ta yi datti. Aka haɗa mu garke guda da Turawa, wata mata mai tabarau tana gaba tana bayani, ana kora mu ɗaki zuwa ɗaki kamar tumaki. Na ga fitilar gilashi rataye da ta kai girman rumbu. Na ga gadaje a gyare, ba wanda ya kwanta. Na ga kujeru da ba su san zafin jikin mutum ba. 

Da muka fito lambu saurayin ya ja ni gefe. "Sarki ba ya ganin baƙi yanzu. Kawo, ina da ɗan'uwa a ƙofar baya, shi zai shigar."

Na ce, "To wa zai fito min da amsa? Ina tukuici?"

Bai gane ba, na yi masa bayani. A wurinmu in saƙo ya shiga gidan manya, ɗan aike ba ya juyawa hannu rabbana. Ko ɓarin goro ne sai an ba shi, shi ne shaidar saƙo ya isa. Me zan nuna wa tsohona?

Ya ce in jira a nan, ya kama ƙunshin ya fizga. Na riƙe da ragowar yatsuna. Wanda ya yi shekara da shekaru yana jan jiƙaƙƙen ƙirgin shanu ba ɗan kwat ne zai ƙwace masa abu ba. Ƙyallen ya yage, goro ya watse a ƙasa, ya ga mutane sun juyo, ya saki ya cika wandonsa da iska.

Matar nan mai tabarau ce ta zo ta taya ni tsintar goron. Ta tambaye ni me ya faru, na harhaɗa mata da Turancina. Ba ta yi dariya ba, wannan na yaba mata. Ta cire tabarau ta yi magana a hankali, yadda ake gaya wa mutum rasuwa.

"Babu sarki. Tun kafin a haife ni aka kore su, suka mutu a ƙasashen mutane. Gidajen nan na kallo ne."

"Ko ɗa? Ko jika?"

"Suna warwatse a duniya. Babu mai zama a nan."

Na samu wani dakali a bakin ruwa na zauna, leda a ƙafata, fata a cinyata. Jirage na wucewa cike da mutane suna ɗaga wa juna hannu. Ban taɓa jin nisan Kano kamar ranar ba.

Da na sake ganin Injiniya na ce, "Yallaɓai, ashe kun sani."

"Haba Ilu, wa bai sani ba? A sakandare ake koyar da wannan."

"Ni ban je ba. Da bakinku za ku gaya min, ba sai na tuɓe takalmi a gaban arna suna ɗaukata hoto ba."

Ya ce wasa yake, ya ce in je kasuwa in sayar, in gaya wa tsoho sarki ya gode. Daga ranar ban sake ce masa yallaɓai ba.

Sauran makonnin na yi su da fata a ƙarƙashin matashi. In kewa ta taso min sai in buɗe in shaƙi bagaruwa da man gyaɗa, in ga bayan gidanmu a Dorayi. Sai kuma haushi ya biyo baya. Haushin Injiniya, haushin Larabawan da suka mutu suka bar mu da labari, har da haushin tsohon da ya toshe min ƙofa uku: kada in sayar, kada in ba ɗan hanya, kada in dawo da ita. Na yi tunanin in jefa ta kan karagar nan ta saman igiya, na san ko dai a kama ni ko a share ta a zuba a bola. Na yi tunanin in jefa ta teku in ce an karɓa. Amma ban taɓa yi wa babana ƙarya ba. Ranar da zan shiga kamfani ma a gabansa na tsaya na faɗa masa gaskiya. Ba zan fara ƙarya a kan fatarsa ta ƙarshe ba.

Ana gab da komawarmu na sake zuwa tsohuwar fadar. Wannan karon da takalmina a ƙafa, na yanki tikiti na bi layi, na zama ɗan kallo kamar kowa. Na je na samu gilashin da aka jera takalman sarakuna, ja da rawaya, duk sun koɗe. Na daɗe a tsaye har numfashina ya dusashe gilashin. Fata da hannu ake saninta, da hanci. Ta bayan gilashi ba zan ce na kakana ba ne, ba kuma zan ce ba nasa ba ne.

Aka taɓa kafaɗata. Tsohon nan ne mai shara. Ya dubi ƙafata cikin takalmi, ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka fito. Ya ja hannun rigata zuwa wani lungu a bayan madafar nan mai sanyi, inda yake ajiye tsintsiya da butar shayi a kan ɗan risho. A duk faɗin gidan, nan ne kawai na ga wuta. Ya zuba min, ya sa min sukari da yawa. Muka zauna muna kurɓa.

Sai kiran azahar ya taso daga manyan masallatan da ke waje. Ya yi alwala a famfo, na yi. Ya zaro wani kwali daga bayan ƙofa ya shimfiɗa. Wurin da goshinsa ke sauka ya yi baƙi, ya fara hujewa. A gidan da sarakunan Musulmi suka zauna, mutumin da na gani da idona yana sujada a kan kwali yake yi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kwance ƙyallen na shimfiɗa fatar a gabansa. Fatar akuya ba ta da tsawo, goshi da tafin hannu kawai za ta ɗauka. Ya ɗaga ta, ya sansana, ya goga a kumatunsa, sai ya miƙo min yana girgiza kai, alamar ta fi ƙarfinsa. Na tuɓe takalmina na durƙusa a gabansa, na isar da saƙon da Hausa, yadda aka ba ni.

"Daga Ɗanjuma ɗan Audu Majemi na Kano."

"Amin," in ji tsohon.

"Wanda ake yi wa sarki takalmi da fatarsa."

"Amin."

"Ya ce hannun bai mutu ba, amma shi ne na ƙarshe."

Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga fuskata. Wannan amin ɗin a hankali ya faɗe shi. Ya shige gaba ya ja mu salla, shi a kan fata, ni a kan kwali. Da muka sallame ya laluba aljihu ya fito da tasbaharsa ta ƙwallon zaitun, ta yi santsi don ja. Ya sa a tafina ya naɗe min hannu, ya shafa guntayen yatsuna. Ba wanda ya koya masa tukuici.

Duk hanyar dawowa ina juya maganar. Babana fada ya ce, kuma sarki yake nufi. In ya ce na wulaƙanta masa aiki, ba ni da bakin kare kaina.

Na same shi kwance a soro, idon ya ƙarasa tafiya. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ka kai?"

"Baba, babu sarki. Tun kuna saurayi aka kore su. Gidan yana nan, amma na kallo ne, tikiti ake yanka a shiga da takalmi. Ko hayaƙi babu."



"Ka dawo min da ita ke nan."

"Ban dawo da ita ba."

"Ɗan hanya ka ba?"

"Ɗan gida ne. Shi ke share fadar. Tsoho ne kamarku. Na tarar yana salla a kan kwali, yanzu a kanta yake yi. Ga tukuicinsa."

Na sa masa tasbahar a hannu. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, ya kai hanci ya sansana.

"Ai ba za ta ishe shi tsayuwa ba. Ƙaramar akuya ce."

"Ba ta isa ba. Goshinsa kawai yake ɗorawa."

Sai na ga bakinsa ya motsa, irin murmushin da na manta yana da shi.

"Ta kakanka ƙafa aka sa mata," in ji shi. "Tawa goshi. Tashi ka ci abinci, Ilu."

Shi ya gamsu. Da tasbahar nan a hannunsa ya cika, kafin damina ta zagayo.

Ni ne ban huce ba. Injin da na sha wahalar koyo bai daɗe yana aiki ba wani ƙarfe ya karye a cikinsa, aka rasa irinsa a ƙasar nan. Aka fara rage ma'aikata, da ni aka buɗe. Injiniya yanzu manaja ne a Bompai, in ya wuce ni a mota sai ya danna min ham. Kamfanin namu kuwa an garƙame shi. Wani lokaci in hanya ta bi da ni Challawa nakan tsaya a bakin ƙofar in leƙa. Ciyawa ta rufe injin, ba wari, ba hayaƙi. Sai in duba gefen bango, ko an buɗe tagar yankar tikiti.